Yadda ake karanta lamba da rubuta ta a kowane tushe cikin harshen asambili

Wani ɗalibi ya aiko da tambaya kamar haka: "Malam, ina koyon asambili na x86-64 a kan Linux, da NASM nake aiki. Na sa 347 a rax, na ajiye ta a memori, na kira write don in gan ta a allo, sai alamar [ ta fito. Da na karanto 347 daga kibod na ƙara mata 1 kuma, 447 na gani. Yaya zan juya rijista daga bainari zuwa tushe 10, ko 16, ko duk tushen da na ga dama?"

Ɗan'uwa, matsalolin nan naka biyu uwarsu ɗaya, kuma tana ɓoye a cikin jimlarka ta ƙarshe. Ba a juya rijista zuwa tushe 10. Abin da ke cikin rijistar rax, wato ɗan wurin ajiya a cikin furosesa, adadi ne, shi kuwa adadi ba shi da tushe. Ka tara tsakuwa 347 a gabanka: ko ka kasa su goma-goma, ko sha shida-sha shida, ko bakwai-bakwai, tsibin bai ƙaru ba bai ragu ba. Abin da ke sauyawa shi ne yadda za ka rubuta labarin kashin da ka yi. A tushe 10 ka rubuta 347, a tushe 16 ka rubuta 15B, a tushe 8 ka rubuta 533, a tushe 7 ka rubuta 1004, a tushe 2 kuma 101011011. Gaskiya ne furosesa da sifili da ɗaya take riƙe adadin, amma wannan sha'aninta ne na cikin gida. Umarnin add da mul da div za su ba ka amsa daidai ba tare da sun tambaye ka da wane tushe kake tunani ba. Tushe na rubutu ne. Saboda haka aiki biyu ne kawai a gabanka: mayar da rubutu adadi, da mayar da adadi rubutu.

Mu fara da alamar [ ɗin da ka gani. Kiran write ba ruwansa da lissafi, bayit yake kwasa ya miƙa wa allo, allo kuma ya duba teburin ASCII ya zana abin da kowane bayit ke wakilta. A memori 347 ta zauna a matsayin bayit 5B sannan bayit 01, domin x86 ƙaramin bayit take fara ajiyewa. 5B a tushe 16 shi ne 91, kuma 91 a ASCII shi ne [. Na biyun, 01, ba shi da siffar da za a zana. Kwamfutar ba ta yi maka ƙarya ba.

Batun 447 ya fi ban sha'awa. Da ka buga 347 ka danna Enter, bayit huɗu ne suka shiga wurin ajiyarka: 51, 52, 55, 10. Wato alamar '3', alamar '4', alamar '7', da alamar sabon layi. Da ka ɗauke su gaba ɗaya cikin rijista mai bit 32, adadin da ka riƙe shi ne 171390003, ba 347 ba. Ka ƙara 1, ƙarin ya sauka kan ƙaramin bayit, wanda shi ne na farko a memori, sai 51 ta zama 52, '3' ta koma '4'. Ka zauna ka bi wannan lissafin da hannunka sau ɗaya, don duk wanda ya fahimce shi ba ya sake ruɗa alama da adadi.

Teburin ASCII, wanda aka fara fitarwa a 1963, ya yi mana alheri guda: alamomin '0' zuwa '9' suna jere daga 48 zuwa 57. Ka ɗebe 48 daga alama ka samu darajarta, ka ƙara 48 a kan daraja ka samu alama. Inda bai kyauta mana ba shi ne 'A' ba ta biyo bayan '9' kai tsaye ba. Tana 65, akwai alamomi 7 a tsakani, su : da ; da @. Ƙananan haruffa kuma daga 97 suka fara, tazarar 32 daidai tsakaninsu da manya, wato bit ɗaya tak. Wannan bit ɗin zai yi mana amfani yanzu.

Karatu shi ne mai sauƙin. Masu farawa sukan ce sai sun ƙirga tsawon rubutun tukuna, don su san ko 3 ɗin nan ɗari uku ce ko dubu uku. Ba ka buƙatar haka. Fara da sifili. Duk alamar da ta zo, ka ninka abin da ke hannunka sau tushe, ka ƙara darajarta. Sifili sau 10 a ƙara 3, ka samu 3. Uku sau 10 a ƙara 4, ka samu 34. Talatin da huɗu sau 10 a ƙara 7, ka samu 347. Kowace sabuwar alama tana tura na gabanta gurbi ɗaya zuwa hagu. Haka 15B a tushe 16: ɗaya, sannan 16 da 5 su ba da 21, sannan 336 da 11 su ba da 347. Masana lissafi suna kiran wannan dabarar Horner, da sunan William George Horner na Ingila da ya wallafa ta a 1819, ko da yake an san ta a ƙasar Sin ɗaruruwan shekaru kafin shi.

```
; rsi = farkon rubutu, r8 = tushe, amsa a rax
karanta:
    xor   eax, eax
.na_gaba:
    movzx ecx, byte [rsi]
    lea   r9d, [rcx - 48]
    cmp   r9d, 9
    jbe   .an_samu
    or    ecx, 32 ; Babban harafi ya koma karami
    sub   ecx, 97
    cmp   ecx, 25
    ja    .gama
    lea   r9d, [rcx + 10]
.an_samu:
    cmp   r9, r8
    jae   .gama
    mul   r8
    jc    .ambaliya
    add   rax, r9
    jc    .ambaliya
    inc   rsi
    jmp   .na_gaba
.gama:
    clc
    ret
.ambaliya:
    stc
    ret
```

Ka lura da jbe bayan ɗebe 48. Gwaji ɗaya ne ya tsare ƙofa biyu. In alamar ta gaza 48, kamar sabon layi mai lamba 10, ɗebewar za ta zagayo ta ba da ƙaton adadi, tunda jbe kallon marar alamar ɗebewa yake wa lamba, sai ta faɗi gwajin. In da jle ka sa, da 10 ɗin nan ta wuce wannan gwajin kamar lambar kirki. Irin wannan bambancin na harafi ɗaya ko biyu shi ke cinye wa mutum dare.

Layin `cmp r9, r8` ma ba ado ba ne. Alamar '8' lamba ce sosai, amma ba ta da gurbi a tushe 8, haka 'G' a tushe 16. In ba ka tare su ba, manhajarka za ta karɓi 19 a tushe 8 ta ba ka 17 hankalinta kwance, babu wanda zai sanar da kai. Sannan darajar alamar a r9 na ajiye ta, ba a rdx ba, domin mul yana zuba rabin amsarsa na sama a rdx ko ka so ko ba ka so.

Ina so in ɗan daɗe a kan layukan jc biyun nan, domin su ake fara jefarwa in ana gaggawa, kuma ban yarda da jefar da su ba ko da a aikin gwaji ne. Rijista mai bit 64 tana tsayawa a 18446744073709551615. In mai amfani ya buga abin da ya ɗara haka da ɗaya, rijista ba za ta yi kuka ba, za ta koma sifili kawai. Ka ɗauka lambar nan girman wurin da za a ware a memori ce: manhaja ta ware ɗan ƙaramin wuri, sannan ta shiga zuba masa abin da ya fi ƙarfinsa. Ta irin wannan ɓarakar ake kutsawa cikin na'urori. Furosesa kuwa ta riga ta yi maka rabin aikin. Bayan mul tana ɗaga tutar CF, wadda jc ke dubawa, in rabin sama ba sifili ba ne, bayan add ma tana ɗagawa in an yi ambaliya. Dole ka duba sau biyu, don ninkawa na iya wucewa lafiya, tarawar ce ta zubar. Lambar da na ambata ita ce shaida: 1844674407370955161 sau 10 ta shiga, in alamar ƙarshe 5 ce an tsira, in 6 ce an zube.

Abu ɗaya da na bar maka: in alamar farko ma ba lamba ba ce, aikin nan zai dawo da sifili kamar ya karanta '0'. Ka adana inda rsi ya fara, ka gwada da inda ya tsaya. In bai motsa ba, ba a karanta komai ba.

Rubutawa kishiyar karatu ce: raba da tushe, ragowar ita ce alama. 347 a raba 10, an samu 34 saura 7. 34 a raba 10, an samu 3 saura 4. Uku a raba 10, sifili saura 3. Ga alamomin sun fito, amma da baya suka fito: 7, 4, 3. Wasu kan tura su kan stak da push sannan su ciro da pop, kuma yana aiki. Ni na fi son a fara cike wurin ajiya daga ƙarshensa ana dawowa gaba. Babu juyi, kuma in an gama, ga rubutun a jere, sai kiran write guda ɗaya.

```
; rax = adadi, r8 = tushe, rdi = karshen wurin ajiya
rubuta:
    lea   rsi, [rel alamomi]
.sake:
    xor   edx, edx
    div   r8
    mov   dl, [rsi + rdx]
    dec   rdi
    mov   [rdi], dl
    test  rax, rax
    jnz   .sake
    ret

alamomi: db "0123456789ABCDEFGHIJKLMNOPQRSTUVWXYZ"
```

Teburin alamomin nan ya raba mu da ciwon kan tazarar da ke tsakanin '9' da 'A'. Ragowa 11 ta je gurbi na 11 ta ɗauko 'B', shi ke nan. Shi ne kuma ya nuna dalilin da ya sa strtol na harshen C ya tsaya a tushe 36: alamomin lamba 10 da haruffa 26, sun ƙare. A tushe 36, 347 ɗinmu 9N ce.

Layin `xor edx, edx` shi ne wanda kusan kowa ya taɓa mantawa. Umarnin div ba rax kaɗai yake rabawa ba, rdx da rax yake haɗawa su zama adadi ɗaya mai bit 128, rdx a sama. Ya raba, ya sa amsa a rax, ragowa a rdx. In ka share rdx sau ɗaya a wajen zagayen, rabon farko zai yi daidai. A na biyu akwai 55 a cikin rdx, alamar '7' da ka bari, amsar kuma ba za ta shiga bit 64 ba. Nan furosesa za ta tsayar da aiki, Linux ya kashe manhajar da SIGFPE, allo ya ce maka "Floating point exception", alhali ba ka taɓa lamba mai ɗigo ba. Sunan saƙon ne mai ɓatarwa. Duk sanda ka gan shi a irin wannan aikin, rdx za ka fara dubawa, sannan ka duba ko tushen sifili ne. Tushe 1 ma ka tare shi tun daga ƙofa, don raba lamba da 1 ba ya rage ta, zagayen zai yi ta rubutu yana cin memori da baya har ya faɗa inda ba nasa ba.

Ka kuma lura gwajin sifili a ƙasan zagayen yake. In ka ɗauke shi zuwa sama, komai zai yi aiki sai ranar da adadin ya zama 0, ranar allo zai fito fayau. Girman wurin ajiya kuwa, ka auna shi da mafi munin hali. Tushe 10 alamomi 20 yake ci, tushe 16 yana cin 16, tushe 8 yana cin 22, tushe 2 kuma 64. Ka ƙara gurbin alamar ɗebewa da na sabon layi, 66 ke nan. In an dawo, rdi na nuna farkon rubutun, tsawonsa kuma ƙarshe a ɗebe rdi. Sai ka sa 1 a rax, adireshin a rsi, tsawon a rdx, 1 a rdi, ka kira syscall. Ka tuna syscall yana ɓata rcx da r11.

Sai lambobin da ke ƙasa da sifili, inda na fi ganin ƙwararru ma suna tuntuɓe. Tunanin farko da ke zuwa wa mutum shi ne ya sauya div da idiv. Gwada ka gani: -347 a raba 10 da idiv yana ba da -34 saura -7, domin ragowa alamar abin da aka raba take bi. Ka ƙara 48 a kan -7, ka samu 41, wato alamar ')'. Hanyar da ta fi tsabta ita ce ka duba ko adadin na ƙasa da sifili, in haka ne ka juya shi da neg, ka yi aikinka da div na yau da kullum, a ƙarshe ka liƙa '-' a gaba, lambarta 45.

Akwai adadi ɗaya da ke tsorata mutane a nan: -9223372036854775808, mafi ƙanƙanta a bit 64. A tsarin cikon biyu, wato yadda furosesa ke riƙe lambobin ƙasa da sifili, ɓangaren ƙasa ya fi na sama da lamba ɗaya, don na sama ya tsaya a 9223372036854775807. In ka yi wa mafi ƙanƙantar neg, bit ɗinta ba sa sauyawa, 8 ce da sifili 15 a tushe 16 kafin da bayan. Mai amfani da idiv ya shiga uku a nan. Amma div kallon marar alama yake wa waɗannan bit ɗin, kuma a wannan kallon darajarsu 9223372036854775808 ce, daidai abin da muke son bugawa bayan '-'. Wato hanyar neg da div tana warware wannan da kanta, ba tare da ƙarin layi ko ɗaya ba. Wannan na cikin abubuwan da suka sa nake son asambili: rijista ba ta san ko tana da alama ba, umarnin da ka zaɓa ne ke yanke hukunci. A wajen karatu ma haka za ka yi. Ka karanta girman a matsayin marar alama, in an ga '-' iyakar ita ce 9223372036854775808, in ba a gani ba iyakar ta ragu da ɗaya, sannan neg.

Tushe 2 da 8 da 16 ba sa buƙatar div sam. Sha shida ita ce 2 sau huɗu a ninke, saboda haka kowace alamar tushe 16 bit 4 ce cif. Dubi 347: 0001 0101 1011, wato 1, 5, B. Kasa su uku-uku kuma: 101 011 011, wato 5, 3, 3. A tushe 16, ragowa ita ce `and` da 15, rabawa ita ce `shr` da 4. In kana son alamomi 16 cikakku har da sifilan gaba, kamar yadda ake nuna adireshin memori, yi `rol rax, 4` sau 16, kowane karo ka ɗauki bit 4 na ƙasa. Alamomin za su fito a jerensu na daidai, kuma a ƙarshe rax ta dawo yadda take. Wannan dabarar ba ta zama daidai a tushe 8, don 3 ba ta raba 64, alamar farko bit ɗaya kawai take ɗauka. Nan ne ma tarihin abin yake. Injuna masu bit 12 kamar PDP-8, da masu bit 36, tushe 8 ya dace da su. Da bayit mai bit 8 ya kafu, musamman bayan IBM System/360 na 1964, sai tushe 16 ya karɓe fage, tunda bayit ɗaya alama biyu ne daidai. Tushe 8 bai mutu ba dai, yana nan a izinin fayil na Unix irin su 755, yana kuma nan a harshen C, inda 010 ke nufin 8. In za ka sa aikinka ya gane tushe daga gaban rubutu, 0x a fahimce yake, amma ka yi tunani sosai kafin ka ɗauki sifilin gaba a matsayin tushe 8, domin mai buga 010 galibi goma yake nufi.

Game da sauri, div na cikin umarni masu nauyi, a tsofaffin furosesoshin Intel rabon bit 64 kan ci gomman bugun agogo. Shi ya sa in ka duba abin da GCC, mai fassara harshen C zuwa asambili, ke fitarwa don raba lamba mai bit 32 da 10, ba za ka ga div ba. Za ka ga an ninka da 0xCCCCCCCD, wato 3435973837, sannan an zame amsar dama da bit 35. Adadin nan shi ne 2 guda 35 a ninka su da juna, a raba 10, a cike zuwa sama. Torbjörn Granlund da Peter Montgomery sun yi bayanin wannan dabarar a takardarsu ta 1994. Tana aiki ne in an san tushen tun kafin a haɗa manhajar. Shawarata kada ka taɓa ta yanzu. In kana kiran write a kan kowace alama ɗaya, lokacin da kake ɓatawa a nan ya ninka na div nesa ba kusa ba, kuma cike wurin ajiya daga baya ya riga ya magance wannan.

In ka koma wata furosesa, lissafin bai sauya ba, kayan aikin ne ke sauyawa. ARM mai bit 64 tana da udiv amma ba ta ba da ragowa, sai ka bi da msub ka ɗebe amsa sau tushe daga asali, kuma raba da sifili a can sifili yake bayarwa shiru, ba ya tsayar da komai. RISC-V tana da divu da remu daban-daban. Tsohuwar 6502 ba ta da ninkawa ko rabawa, da zamewa da ɗebewa ake haɗa su. In kuma ka ci karo da tsofaffin misalai na 8086 masu amfani da aam ko daa, kada ka kwafo su, an cire waɗannan umarnin a yanayin bit 64.

Kafin ka ce ka gama, haɗa ayyukan biyu baki da baki: ka rubuta adadi, ka karanta abin da ka rubuta, ka gwada da na asali, a kowane tushe daga 2 zuwa 36. Fara da 0, sai tushen a ɗebe ɗaya, sai tushen kansa, domin a nan alama ɗaya ke komawa biyu. Sai 18446744073709551615 da wadda ta ɗara ta da ɗaya, sai -1, sai -9223372036854775808. Ga karatu kuma ka ba shi layi fanko, da '-' ita kaɗai, da 15b da ƙaramin harafi, da 19 a tushe 8. In wani ya faɗi, buɗe gdb, manhajar bin diddigin kuskure, tsaya a kan div, ka buga `info registers` ka dubi rdx kafin ka taɓa komai.